Zoben Tanki a Tukunyar Shayi

A daminar 1997 layin mai na Kurmin Mashi ya daɗe har ya yi shugaba. Alhaji Haruna ne, tsohon direban tirela, kuma dokokinsa biyu ne: motar da ta fita daga layi ta fita ke nan, sannan ba a tayar da inji. In an matsa gaba turawa ake yi, kowa ya kama wa kowa.

Malam Ja'afaru, akawu a wata ma'aikatar gwamnati, ya shiga layin da motarsa 'yar Beljiyam tun daga wajen Mando, yanzu har yana hango rufin gidan man. Burinsa ɗaya ne, ya ga tankinsa a cike, abin da bai taɓa gani ba tun da ya sayi motar.

Kowace safiya yakan murɗa makulli rabi, don kawai ya ji 'yar ƙarar da famfon mai ke yi a cikin tanki, ƙarƙashin kujerar baya. Wata safiya ya murɗa, ya ji shiru.

Tun da mota ba ta da ikon zuwa gareji, sai garejin ya zo. Ila bakanike ya ɗaga kujerar baya, ya buɗe wani murfin ƙarfe, ya nuna wani baƙin zobe na filastik mai faɗin bakin kwanon miya.

"Wannan ne ke danne famfon a bakin tanki, Yallaɓai," in ji Ila. "Sai ya fita famfo zai fito."

Bai sa ƙarfe ba, saboda tartsatsi. Guntun katako ya ɗora a haƙoran zoben, yana bugawa da guduma a hankali, yana zagayawa, har ya kwance. Ya zaro famfon, ya zaro wata siririyar roba mai kama da awarwaro da ke ƙarƙashinsa ya jefa a aljihu, ya cusa tsumma a bakin tankin, ya tafi da famfon kasuwar Panteka neman gyara.

Bai dawo ba sai da aka kwana aka sake kwana. Ya mayar da famfon, ya ɗora zoben, ya murɗa. Zoben ya ƙi kamawa. Ya juya shi, ya hura shi, ya yi bisimilla, ya sake murɗawa.

"Bakin tankin ya sha iska, Yallaɓai. Ya kumbura."

"Tanki ne ke kumbura, Ila?"

"Na filastik ne. In aka bar shi ba zobe, sakin jiki yake yi."

"Ba ka faɗa mini ba."

"Ni ma yanzu ya faɗa mini."

A daidai nan aka ji ihu daga gaba. Tankar mai ta iso. Mutanen da suka yi kwanaki suna kwance a kan tabarmi suka miƙe, suka dafa motoci.

"In aka zuba mai a haka fa?" in ji Ja'afaru.

"Zai fito ya same ka a kujera."

Maganin, a cewar Ila, shi ne a tsoma zoben a ruwan zafi ya buɗe. Ruwan zafi kuwa a duk tsawon layin mutum ɗaya ke da shi, Sabo mai shayi, da ya kafa tebur a tsallaken titi. Sabo ya saurari bayanin, ya ce shi ma risho ɗinsa layin kalanzir ya bi, ba zai ɓarar da ko kofi ɗaya a kan kayan mota ba. Yana juyawa soya ƙwai, Ila ya ɗaga murfin babbar tukunyar ya saki zoben a ciki. Suka koma gefe suna kallon sama.

Wanda ya fara zuwa shan shayi bayan nan Alhaji Haruna ne. Ya kurɓa, ya rufe ido, ya daɗe a haka.

"Sabo, ganye ka canza?"

"Shi ne dai na kullum, Alhaji."

"Yana tuna mini wani abu. Wani abu na da."

Wani direban tasi ya karɓi kofin ya shinshina. "Fetur ne! Wallahi fetur, ba gauraye!"

Kafin a ce me, an yi sabon layi a gaban tebur. Wasu ba su ma sha ba, suka riƙe kofi a ƙarƙashin hanci kawai. Sabo ya sa ludayi ya lalubo zoben, ya dube shi, ya dubi jama'a, ya mayar da shi ciki ya rufe.

"Malam Sabo, ai zobena ne," in ji Ja'afaru.

"Abin da ya shiga tukunyata, Malam, kayan shayi ne."

A tsallake, maƙwabtan layi suna tura motar Ja'afaru ba shi a ciki. Saura motoci kaɗan a gabanta.

Aka kai ƙara gaban shugaba, wanda yake tsaye a wurin da kofi na biyu. Alhaji Haruna ya yanke hukunci cewa zobe na mai mota ne, amma ƙamshi na jama'a ne, saboda haka ba za a cire ba sai an kawo madadi. Ila ya laluba aljihu ya fito da siririyar robar nan.

"Wannan ta fi shi jiƙa, Alhaji. Tun daga Turai take cikin mai."

Aka zagaya da ita hanci-hanci, aka amince, aka jefa ta a tukunya aka tsamo zoben. Ja'afaru bai tambayi ko mece ce ba, idonsa na kan motarsa.

Ila ya naɗe zoben a tsumma yana tururi, ya tsallaka titi da gudu, ya faɗa bayan motar tana tafiya. Ya daidaita famfon, ya ɗora zoben, ya murɗa. Ya kama. Ya bi shi da katako da guduma har ya zauna daram. Bugun ƙarshe ya zo daidai da tsayawar motar a gaban mai zuba mai.

Ja'afaru, da ya biyo shi a guje, ya tsaya a gefen motar ya gyara hula. Kalmar da zai faɗa ya daɗe yana ajiye da ita. Ya buɗe baki, sai Ila ya leƙo ta taga.

"Yallaɓai, rabi za ka ce."

"Me?"

"Robar nan ita ce ke toshe bakin. Zobe dannewa kawai yake yi. In mai ya kai sama, tsiyaya zai yi."

"Ina robar?"

"Alhaji na shanta."

Mai zuba mai ya buga rufin motar. "Oga, a cika ko?"

Ja'afaru ya dubi tsallaken titi, ya dubi motocin da ke bayansa.

"Rabi," ya ce.

Maganar ta bi layi da baki har ƙarshe. Wasu suka ce zaman ne ya taɓa shi. Wasu suka ce ai da ganinsa yana da rijiyar mai a gida. Alhaji Haruna ya ce tun da yake shugabanci bai taɓa ganin tsoron Allah irin wannan ba, ya sa aka yi masa addu'a.

Motar ta tashi da murɗa ɗaya. Ila ya yi alkawarin samo sabuwar roba a Panteka, ya kuma tuna masa cewa kafin a sa ta sai an sake cire zoben.

Ja'afaru ya tuƙa a hankali, yana kauce wa ramuka, ya bi gefen layin har Mando, inda ya sami ƙarshensa. Ya shiga bayan wata akori-kura, ya kashe inji, ya fito da tabarma.

Da la'asar Sabo ya biyo layi da buta, domin labarin shayin ya riga shi isowa. Ya tsiyaya wa Ja'afaru kofi, ya ce mai kaya ba ya biya.

Ja'afaru ya kurɓa. Ƙamshin ya fara raguwa.

"Malam," in ji Sabo, yana leƙen kujerar baya, "yaushe za a sake buɗewa?"