Wani Mutumi da Na Sani

Tun da masaƙarmu ta rufe nake yawo da takarduna a jaka. Duk wanda na taɓa gaisawa da shi na je masa. Wani ya ce in dawo, wani ya ce maigida ba ya nan alhali ina jin tarinsa a ciki. Ni da na tsufa ina gyaran injuna!

Matata ce ta ƙure ni. "Ka je wurin Auta mana," in ji ta.

Auta ƙaninta ne, manaja a kamfanin robobi. Yaron da a gidana ya yi karatu, ina aikensa sayo mini reza. Na ce Allah ya kiyaye. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kwana biyu sai ga ni a ƙofar ofishinsa.

Yana ganina ya miƙe zumbur, ya bar kujerarsa, ya jawo ta roba ya zauna kusa da ni.

"Yaya, da kanka? Ai da ka aiko na zo."

Wallahi kunya ta rufe ni. Maganar da na tsara tun daga gida ta ɓace mini. Sai na ji bakina yana cewa akwai wani mutumi da na sani, gwanin inji, yana neman aiki.

"Muna kuwa nema," ya ce. "Yana da iyali?"

"'Ya'ya biyar."

"Me ya hana shi zuwa da kansa?"

"Babban mutum ne, yana jin nauyi."

Auta ya yi dariya. "Haba Yaya! Girman kai rawanin tsiya. Irinsu ne in inji ya tsaya ka yi musu magana su kumbura. Mutum da 'ya'ya biyar, ya kasa buɗe baki ya nemi abincinsu? Gaskiya ba na son irin wannan, sai dai don kai."

Gumi ya keto mini, ga fanka tana juyawa. Na dubi takalmana, na dubi jakar da ke cinyata.

"Ni ne," na ce.

Dariyar ta ɗauke. Ya sunkuyar da kai yana murza biro, har na fara tausayinsa. Sannan ya ce in fara ranar Litinin. Na yi godiya, na miƙe ina laluben ƙofa.

"Yaya," ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa, bai ɗago ba. "In aiki ya ɓaci, a gaban ma'aikata nake faɗa. Kai ma zan iya yi maka?"

Na riƙe hannun ƙofar.

"Ka yi, Manaja," na ce.