Dangwalen Hagu

Kafin Jalo mai markaɗe ya kashe injin, ƙullun shinkafar da ke zuba a bokiti ya riga ya koma ja. Zubaida ta zaro hannunta na dama ta tsura masa ido kamar na wata. Ba ta yi kuka ba, matan da ke layi ne suka yi mata.

Gaggawa ce ta jawo. Tun da aka kulle gari saboda korona, awa huɗu kacal ake bari a fita ranar Laraba, kuma duk mai tuyar masa a Yelwa a bakin injin nan take. Sandar tura shinkafa ta faɗi ƙasa, na baya suna ta tsaki, sai ta tura da hannu, yadda ta sha yi shekara goma sha biyu.

Nan take kowa ya zama likita. Wannan ta ce a zuba fetur, waccan ta ce toka, wata ta rantse da baƙin mai. Zubaida ta kwance ɗankwalinta ta naɗe hannun.

"Jalo, tsayar min da keke."

* * *

A ƙofar asibiti sai da aka auna zafin goshinta sau biyu kafin a dubi jinin da ke ɗiga a kan silifas ɗinta. Likitan, wanda idanunsa kaɗai ake gani a saman takunkumi, bai ɓoye mata komai ba. Yatsu biyu sun tafi. Babban yatsa da sauran biyun za a iya ceto su, in an shiga tiyata kafin la'asar.

"Ina maigidanki? Shi zai sa hannu."

Maigidanta Ɗanlarai direban babbar mota ne. Mako uku ke nan kulle ya rutsa da shi a kudu, wayarsa kuma ba ta shiga. Likitan ya ce shi dai ba zai taɓa matar aure ba sai da namiji daga gidan, don ya taɓa yi, dangin miji suka kusa cinye shi ɗanye. Dole aka kira Mahfuz, wan mijin.

Sai bayan azahar ya iso, takunkuminsa a ƙarƙashin haɓa, yana riƙe da bakin babbar rigarsa kada ta taɓa bango. Ko hannun bai kalla ba.

"Tashi mu tafi. Duk wanda ya kwana a nan, gobe za ki ji an ce korona ce, a zo a kulle mana gida, unguwa ta guje mu. Akwai mai ɗori a Miri, hannunsa da albarka."

"Yaya, ba karaya ba ce. Jijiyoyi ne suka tsinke."

"Ke kika fi shi sani? Ni ba zan sa hannu a yanka matar ƙanena ba ya nan."

Ta dubi hannun da ke naɗe. Hannun nan ne ya ciyar da gidan tun da aka rufe hanyoyi. Shi ke juya masa a tanda tun da asuba, kuma kullum sai an ɗiba an kai ɗakin Mahfuz da miyar taushe. Sa'ad da hannun ke miƙa kwano ba wanda ya tambayi mai shi, yau da zai lalace ne aka tuna yana da masu iko. Haushi ya kama ta, irin wanda ke busar da hawaye.

Ta juya ga nas ɗin da ke riƙe mata gwiwar hannu tun ɗazu, wata mai furfura da ake kira Sista Juliana.

"Sista, don Allah karanta min. Wa takardar nan ta ce ya sa hannu?"

Juliana ta saci kallon likita, sannan ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Mara lafiya. Sai in ya fita hayyacinsa ne ake neman ɗan'uwa."

"To, ni ina cikin hayyacina."

"Zubaida!" Mahfuz ya daka mata tsawa. "In kika yi, kada ki taka min gida sai mijinki ya dawo."

"Na ji, Yaya."

Ba ta iya riƙe biro da hagu ba, ya suɓuce sau biyu. Juliana ta jawo aljihun tebur ta fito da tawadar dangwale, ta buɗe ta ajiye. Zubaida ta danna babban yatsanta na hagu a ciki, ta danna a takardar da ƙarfin da har teburin ya motsa. Likitan ya daɗe yana kallon shuɗin tambarin, sannan ya ce a shirya ɗakin tiyata.

* * *

An ceto babban yatsa da guda ɗaya. Na ukun, in ji likita, da an shiga da awa biyu kafin nan da ya tsira.

Gidan mahaifiyarta ta wuce daga asibiti. A kwana na tara ta sa aka ɗora mata tanda a tsakar gida, hannun dama rataye a wuya, tana koyon juya masa da hagu. Ta farko ta ƙone, ta biyu ta faɗa toka.

Ana cikin haka maƙwabciya ta leƙo da saƙo daga gidan Mahfuz. Ba sannu ba ce. Wai in ta fara tuya, a tuna da kwanonsa.

Zubaida ta dubi babban yatsanta na hagu. Har yanzu da sauran shuɗi a gefen farcen, don ba ta taɓa dirje shi da soso ba. Ta sa cokali ta juya ta uku, ta tashi lafiya.

"Ki ce masa mai hannun ba ta ba da izini ba."