Ƙarfen da Yaya Ya Ƙera Mini

Ciwon bayana ya fara ne ranar da na ɗago Mama daga gado zan ɗora ta a kujera, na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Tun da ɓarin jikinta ya shanye a wurina take. Ni ke yi mata wanka, ni ke juya ta, ni ke kai ta bayi, don maigidana direban babbar mota ne, ganinsa sai an dace. Da na kwanta, dole aka mayar da ita gidan Yaya, wana mai walda. Mu biyu kaɗai ta haifa.

Likitar gashin ƙashi wata 'yar siririya ce, ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. Ta danna nan, ta danna can, sannan ta ce, "Shekara da shekaru kina duƙe a kan keken ɗinki, rana ɗaya ki tashi ki sunkuci mutum? Sai kin koyi ɗaga nauyi daga ƙasa, da ƙarfin cinya, ba da gadon baya ba. Ki fara da ƙarami, ki riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, yau aiki gobe hutu." Ta faɗi nauyin da sai na kai shi kafin in sake ɗaukar Mama. "In kika yi gaggawa ya sake tashi, ban yi miki alkawarin za ki ƙara miƙewa daidai ba."

Da na gaya wa Yaya, dariya ya yi har da buga cinya. "Auta da ɗaga ƙarfe! Ke da ko murfin kwalba sai an buɗe miki?" Amma ya ce kada in je neman komai, shi zai ƙera mini. Ya haɗa ɗan akwatin ƙarfe mai mariƙi, ya cika shi da guntayen rodi, ya liƙe, ya shafa baƙin fenti, ya rubuta nauyinsa da fari. In na saba da wannan, sai ya kawo wanda ya fi shi.

Yaya ne ya koya mini tsallaka titi. Shi ya goya ni ranar da na taka kwalba, shi ya tsaya mini a komai bayan rasuwar Baba. In ya ce abu kaza nauyinsa kaza ne, ni ko a mafarki ba zan nemi sikeli ba.

Kafin in buɗe shagon ɗinkina nake ɗaga ƙarfen, a tsakar gida. In ware ƙafa, in tura ƙugu baya, in miƙe bayana, in ja numfashi, in ɗaga. Ƙarafan farkon nan sun gwada mini iyakata. Cinyoyina rawa suke yi, washegari da ƙyar nake taka keken ɗinki. Gwaggo, tsohuwar da muke haya gida ɗaya, takan tsaya da tsintsiya a hannu tana kallona. "Ke 'yar nan, dambe za ki shiga ne? A gaya wa maigidan ya kiyaye bakinsa."

Duk sanda na je gaida Mama, sai ta kama gefen rigata da hannunta mai lafiya, ta ce da karkataccen bakinta, "Yaushe?" Wato yaushe zan mayar da ita wurina. Yaya na kula da ita daidai gwargwado, ba zan yi masa ƙarya ba. Shi ke ɗaga ta da safe, ya baro aiki da rana ya zo ya juya ta, ya koma. Idanunsa sun zurma, ya daina zolayata. Gaisuwarsa ta koma kalma biyu: "Ya ƙarfin?"

Ana nan sai ƙarafan suka riƙa girma, ni kuwa ina ɗaga su ba wata wahala. Ranar da ya kawo wani jibgege, na ɗaga na ajiye na ce, "Yaya, wannan ai ko na baya bai kai wuya ba."

"Ƙarfi ne ya zo miki, Auta. Ni ma da ƙyar na sauko da shi daga babur."

Kaina ya kumbura, har tafiyata sai da ta canza. Da na faɗa wa likitar inda na kai, ta sauke tabarau ta dube ni. "Da sauri haka? Kin tabbata?"

"Wana ne ya auna da hannunsa," na ce, har ina jin haushinta. Ta sake nuna mini yadda zan riƙe Mama, ta ce to.

Mama ta dawo gidana tana murmushin gefe ɗaya. Washegari na tura kujerarta zuwa banɗaki, na ware ƙafa, na zura hannuwana ta ƙarƙashin hammatarta, na ja numfashi kamar kullum. Ina ɗagowa na san akwai matsala. Wannan nauyin ban taɓa gamuwa da irinsa ba. Ina tsakiyar juyawa bayana ya amsa, wani zafi ya tsarga mini har tafin ƙafa, gwiwata ta saki. Abin da na iya kawai shi ne na karkata don ta faɗo a kaina, duk da haka goshinta sai da ya daki bakin bokiti. Muka zube a jiƙaƙƙen siminti, jini na bin girarta, tana share mini hawaye da hannunta mai lafiya. Ihuna ne ya kawo Gwaggo.

Aka jera mu a ɗaki ɗaya a gidana, gado da gado, Mama da filasta a goshi, ni da ƙafar da ba na jin yatsunta. Likitar ta duba ni ba ta yi faɗa ba, kuma shirun nata ya fi ba ni tsoro. Ni kaina na ɗora wa laifin. Na ce ƙila na lanƙwasa baya, ƙila santsi ne. Yaya ya koma zirga-zirga safe da yamma yana ɗaga Mama, ina ta ba shi haƙuri, ina cewa na ƙara masa wahala. Ni ce fa mai ba shi haƙuri!

Wata safiya bayan an yi ruwan sama, ina kwance ina hangen tsakar gida ta ƙofa, Gwaggo na shara. Ta iso wurin ƙarafan, ta jingine tsintsiya, ta kama babban cikinsu, wanda ya ba ni izinin ɗaukar Mama, ta ɗauke shi cak ta matsar gefe. Gwaggo, wadda bokitin ruwa sai ta raba shi biyu. Sai ga ruwa yana tsiyaya ta wata 'yar kafa a gindinsa.

"Ke 'yar nan, abin naki fitsari yake yi."

Na ce ta ƙwanƙwasa shi. Ta buga masa gindin tsintsiya, ya yi ƙara kamar gwangwanin da ba kowa a ciki. Na ce ta ɗaga ɗaya daga cikin ƙananan. Ta ɗaga, ta yi nishi. "Ai duk ɗaya ne. Wancan jiki ne kawai gare shi."

Na sa ta ajiye babban a bakin ƙofar ɗaki. Da yamma Yaya ya yi sallama, ya gan shi, ya ga ruwan da ya kwanta a ƙarƙashinsa. 

"Na gaji ne, Auta," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Wallahi na gaji. Na ga jikinki ya yi ƙwari, na ce likitocin nan tsoro ne da su. Ban zaci haka za ta faru ba."

"Da ka faɗa mini. Da na rufe shago na tare a gidanka, kai ka ɗaga, ni in yi sauran. Da mun nemi wanda zai kama mana."

"Da wane bakin zan ce na gaji da uwata?"

"Shi ne ka zauna ka auna, ka yanka, ka liƙe, ka shafa fenti? Ba sau ɗaya ba, Yaya. Har kana ce mini da ƙyar ka sauko da shi."

 Sai a lokacin muka tuna ba mu kaɗai ne a ɗakin ba. Mama, wadda juya wuya ma aiki ne a wurinta, ta mayar da fuskarta bango.

Duk da haka lokacin kai ta bayi ya yi, kuma babu mai ɗaga ta sai shi. Ya sunkuya ya ɗauke ta, idonta a rufe tun daga fita har dawowa. Da ya kwantar da ita, ya ga ina ƙoƙarin tashi zaune, sai ya matso ya miƙo mini hannu kamar yadda ya saba tun ina rarrafe.

"Kawo, Auta. Ba zan sake ki ba."

Na dubi hannun, da tabon walda a bayansa. Na kama ƙarfen gado, na cije leɓe, na ja jikina.