Tankin Ƙanƙarar Hajiya Zulaiha

A Matameye in ana maganar ƙanƙara, Hajiya Zulaiha ake nufi. Injinta na cikin wani ɗaki a bayan gida: tanki ne cike da ruwan gishiri mai tsananin sanyi, a jera gwangwanayen ruwa a ciki har su daskare. Matsalar ɗaya ce, gishiri ba ya barin ƙarfe lafiya. Tankin farko tsatsa ta cinye shi cikin damina biyu. Na biyu na inokis ne, farin ƙarfen nan da aka rantse mata ba ya tsatsa, amma sai ga ƙananan ramuka kamar tsinin allura a gindinsa, ruwa na tsiyaya, ga azumi saura wata biyu.

Hajiya tana da wani maganaɗisu da ta ciro daga tsohuwar rediyo, kullum yana ɗaure a haɓar zanenta. Iliminta na ƙarfe ke nan, kuma tana alfahari da shi: in maganaɗisu ya kama, jabu ne, in ya zame, inokis ne na gaske.

Ranar kasuwa sai Munkaila mai walda, ƙanen mijinta kuma abokin wasanta, ya aiko ta zo rumfarsa. Ya nuna mata wasu fallayen ƙarfe masu kauri da ya tsinto cikin kayan gwangwan da aka kawo daga Kano, an buga musu lamba 2205 a gefe. Ta kwance haɓar zane, ta ɗora maganaɗisu, ya manne ƙam. Ta dubi Munkaila sama da ƙasa, ta tambaye shi ko tsufa ne ya fara taɓa masa ido.

Munkaila ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce shekara tara ya yi yana walda a bakin teku a Kwatano, inda iska kanta gishiri ce, kuma can ya san wannan ƙarfe. Dufuleks ake kiransa, don jikinsa gauraye biyu ne: rabi irin wanda maganaɗisu ke kamawa, rabi irin wanda ba ya kamawa. An kuma ƙara masa sinadaran da ke hana gishiri huda shi, ga ƙarfi kusan ninkin na inokis ɗin da ta sani.

"Munkaila, bakinka ya fi waldarka kyau," in ji ta. "Ni sai na gani da idona."

Suka yi yarjejeniya. Ya yanko ƙyalle ɗaya daga sabon ƙarfen, ɗaya daga tsohon tankinta, ta jefa su cikin bokitin ruwan gishiri, ta ƙara jabel, ruwan wankin nan mai cin kaya, don mugunta, ta ajiye a rana. Kowace safiya sai ta leƙa. A mako na biyu nata ya fara fitar da ɗigo-ɗigo ja. A na uku ramuka sun fito fili, na Munkaila kuwa ko dushewa bai yi ba. Ta wanke na Munkailan, ta juya shi, ta kankare da farce, babu ko tabo. Da ta je rumfar ba ta amsa laifi ba, cewa kawai ta yi ya fara aiki, lokaci na tafiya.

Nan ƙarfen ya rama mata. Taurinsa ya dakushe bakin abin huji har uku, lanƙwasa shi sai da maza huɗu. Sandar waldar da ta dace da shi babu ita a garin, sai da aka aika Damagaram. Kuma ba ya son wuta da yawa, dole Munkaila ya ɗinka kaɗan, ya jira ya huce, ya sake. Hajiya ta kan zo da kujerarta ta zauna, tana tambayarsa ko a Kwatano ma haka yake gumi.

Kwana biyar kafin ganin wata aka ɗora tankin, aka cika shi. Ta zagaya shi sau uku tana shafa gindinsa da tafin hannu, a bushe. Ƙanƙarar farko da ta fito ba ta sayar ba, ta raba wa maƙwabta, ta aika wa Munkaila babba guda da tulun zoɓo. Kafin tsakiyar azumi masu babura daga Tsauni da Icirnawa sun fara layi a ƙofar gidanta tun hantsi, har ta sa mijinta ya kafa musu rumfa.