Noti Na Biyar

Sifanar ta sake kuɓucewa a karo na uku, Jalaluddeen ya yi taga-taga, saura kaɗan ya kife a jikin motar. Ya sauko daga kan bututun ƙarfen da suka zura wa sifanar don ƙarin tsawo, yana haki, ya dubi notin. Ko gezau bai yi ba. Tsatsa ta haɗe shi da ƙarfen tayar kamar tare aka ƙera su.

"Bar shi haka, Malam Jalalu," in ji Baba Lauwali daga kan bencinsa. "Hannun da ya ɗaure notikan nan ya fi nawa da naka ƙarfi."

Jalaluddeen ya san hannun da ake nufi.

Baba Lauwali maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ce tsakaninsu a wata unguwa da ke gindin dutse a Kazaure. Tsohon direba ne, ya yi shekara talatin yana jigilar gero da wake daga kasuwar Babura a cikin wannan a-kori-kurar. Ɗansa namiji ɗaya ne, Ahmad, kuma shi ya sauya tayar baya ta dama ana gobe zai tafi haƙar zinare can arewacin Nijar. Bayan wata biyar saƙo ya zo cewa rami ya rufta da shi da wasu mutum uku, kuma a can aka rufe su. Tun daga ranar tsohon ya ajiye motar a gindin darbejiyar ƙofar gida. Shekara bakwai ke nan. Tayar nan ta sace har ta tsattsage, kaji suna yin ƙwai a bayan motar. Dillalai sun sha zuwa, yana ce musu ba ta sayarwa ba ce.

Sai a wannan bazarar, ba zato ba tsammani, aka wayi gari yana wanke ta. Ya sauya mata baƙin mai, ya aro batir, ya yini yana babbaka hayaƙi har injin ya tashi. An ba tayoyi uku iska sun ɗauka, saura ta huɗun, wadda ba makawa sai an cire ta. Jalaluddeen ya kawo shawarar a kira mai facin bakin titi da injinsa na iska, tsohon ya ce a'a, waɗannan notikan ba baƙon hannu ne zai kwance su ba. Ga shi kuwa hannunsa na dama ba ya iya riƙe ko buta sosai tun da hawan jini ya taɓa shi.

Jalaluddeen malamin dabbobi ne, kullum yana kan babur tsakanin rugagen Roni da Gwiwa, kuma ya daɗe yana sha'awar wani inji da ya gani wurin wani bakanike a Roni, mai kama da bindiga, wanda ke kwance noti da batir. Da ya kwatanta wa Baba Lauwali, sai tsohon ya miƙe ya ce a je a gani yanzu. Jalaluddeen ya ce a bari mana sai ƙarshen mako.

"Ƙarshen mako ya yi nisa," in ji shi.

Shagon Muhsin mai kayan aikin kanikawa yana kusa da tasha. Ya jera musu iri uku a kan kanta. Ya ce na iska ya fi kowanne ƙarfi, amma sai da tukunyar iska irin ta masu faci. Mai waya ya fi araha, amma sai an kawo wuta, kowa kuwa ya san halin wutar. Don mai gyara a ƙofar gida, na batir shi ne daidai. Na batir ɗin ma kashi biyu ne: akwai babba mai nauyi da batir biyu, wanda aljihun tsohon ba zai kai gare shi ba, akwai kuma matsakaici mai batir ɗaya, an zana wata ƙatuwar lamba a jikin kwalinsa wai ƙarfinsa ke nan. Muhsin mutum ne mai gaskiya a ciniki. Ya ce kada su biye wa lambar kwali, su raba ta biyu, sa'annan su gwada injin a kan taya ta gaske kafin su saya.

Baba Lauwali bai ko kalli lambar ba. Ya ɗauki matsakaicin ya miƙa wa Jalaluddeen, ya ce ya riƙe ya ji. Ya tambaye shi ko ya yi masa nauyi, ko yatsansa yana kaiwa kan kunamar da ake dannawa ba wahala. Sa'annan ya juya wajen Muhsin ya tambaya ko ana iya rage masa gudu saboda notin babur, kada ya cinye zaren notin. Muhsin ya nuna musu maɓallin, ya ƙara da cewa su ɗauki baƙaƙen soket, wato kawunan da ke kama noti, don masu ƙyallin nan fashewa suke yi in bugu ya yi yawa, kuma in ana ɗaurewa a ƙarasa da hannu, kada a bar wa inji.

Jalaluddeen yana sauraro, wani abu yana taɓa masa zuciya. Baba Lauwali bai taɓa mallakar babur ba.

Suka fita tasha, wani direban bas ya yarda a gwada a tayarsa. Injin ya yi ta-ta-ta-ta kamar ana buga ƙusa da sauri, notin ya fito yana juyi. Muhsin ya ce da sun daure sun ƙara batir na biyu, saboda in ɗaya ya mutu ana tsakar aiki sai jira.

"Ɗaya ya isa," in ji Baba Lauwali. "Aikin ba mai tsawo ba ne."

A hanyar komawa tsohon yana bayan babur rungume da kwalin, jikinsa ba nauyi ko kaɗan, har Jalaluddeen ya riƙa waigawa don ya tabbata yana nan. Ya tambaye shi wai ina zai je da motar ne haka yake gaggawa.

"Ahmad ne ya ce in shirya ta."

Tsohon ya ba shi labari a sanyaye, kamar mai maganar farashin wake. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ya kishingiɗa a gindin darbejiya barci ya ɗauke shi. Sai ga Ahmad tsaye a jikin motar da rigar da ya tafi da ita, jikinsa duk jar ƙasa, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan tayar nan. Bai gaishe shi ba. Cewa kawai ya yi, Baba, har yanzu ba ka shirya ba?

Jalaluddeen ya rage gudun babur. Ya ce Allah ya jiƙan Ahmad. Tsohon ya ce amin, sa'annan ya ce masa ya kauce wa ramin da ke gabansu.

Bayan la'asar, ranar Laraba ke nan, suka kafa jak suka ɗaga motar. Inna Saude, matar Baba Lauwali, ta miƙo musu wani tsohon kwanon sha don zuba notika. Tsohon ya durƙusa ya riƙe injin da hannu biyu, Jalaluddeen ya tallafe masa gwiwar hannu. Notin farko ya yi gardama, injin ya yi ta bugu, tsatsa tana zuba kamar garin barkono, can sai ya saki. Baba Lauwali ya ɗauke shi da yatsu, da zafinsa, ya daɗe yana juya shi kafin ya sake shi cikin kwanon. Na biyu da na uku da na huɗu suka biyo baya. A kan na biyar muryar injin ta fara ja, ta yi ƙasa, ta ɗauke. Dama da guntun caji batirin ya zo daga shago.

Tsohon ya zauna a ƙasa yana kallon notin da ya rage, ya yi 'yar dariya. Ya ɗiɗɗiga masa baƙin mai, ya mayar da injin cikin akwatinsa. Da yake unguwar ta kwana uku ba wuta, Jalaluddeen ya zare batirin ya tafi da shi gida tare da cajar, don shi yana da sola. Ya ce gobe da ya dawo daga Roni zai kawo, su ƙarasa.

Da sassafe ranar Alhamis, yana fitar da babur, ya tarar da Baba Lauwali a kan benci sanye da farar riga da hula kamar mai shirin zuwa Juma'a. Suka gaisa. Tsohon ya sa masa albarka fiye da yadda ya saba, ya bi shi da kallo har ya sha kwana.

Allurar shanun ba ta ja lokaci ba, kafin azahar ya dawo. Rana ta take, unguwar ta yi tsit, ko akuya ba ta motsi. Ya shiga ɗaki ya miƙe a kan tabarma, matarsa Bahijja ta kawo masa fura. Yana cikin sha suka ji ƙarar daga ƙofar gida. Ta-ta-ta-ta. Ta tsaya, ta sake, ta sake. Sa'annan ƙarar ƙarfe ya faɗa cikin kwano, ƙwal.

"To, Baba ya gama aikinsa," in ji Bahijja.

Jalaluddeen ya yi murmushi, ya juya zai ajiye ludayi. A kan taga, inda ya ajiye shi jiya, batirin yana zaune a cikin cajarsa, koriyar fitila tana ci. Bahijja ta bi idonsa da kallo.

Ya fita ba takalmi, ƙasa tana ƙona masa ƙafa. Layin babu kowa daga wannan kai zuwa wancan. Akwatin injin yana kan benci a rufe. Ya leƙa kwanon, ya ƙirga notikan, ya sake ƙirgawa. Biyar. Tsohuwar tayar tana rataye a wurinta, ba abin da ke riƙe da ita.

Baba Lauwali yana zaune a mazaunin direba, ƙofa a rufe, gilashi a sauke, ya jingina kai, hannuwansa a kan cinya. Jalaluddeen ya yi sallama sau biyu. Ya zura hannu ta taga ya kama wuyan hannunsa. Aikinsa ya koya masa bambancin abin da ya cika yanzu da wanda ya daɗe. Hannun ya riga ya sandare. Ya yi salati a hankali, ya shafe masa ido, sa'annan ya koma ya turo Bahijja wajen Inna Saude.

Inna Saude ta ce tun da hantsi ya sha koko ya fita, ya ce kada ta jira shi da abincin rana, ita kuwa ta ɗauka majalisa ya tafi. Ta ce ta ji ƙarar injin ɗazu, har ta ce a ranta ashe Malam Jalalu ya dawo. Bahijja ta sunkuyar da kai, ba ta gyara mata ba.

Bayan la'asar aka kai shi makwancinsa.

A kwanakin zaman makoki Jalaluddeen ya yi ta neman inda zai ajiye abin da ya ji. Ya ce wa kansa man ne ya jiƙa notin, tsohon ya lallaɓa ya kwance shi da sifana tun da safe. Sifanar kuwa tana nan jingine da darbejiya, ba ta faɗin komai. Ya ce ƙarar kuma daga wajen mai facin bakin titi iska ta ɗebo ta. Ya je ya tambaye shi ko ya yi aiki da azahar ɗin Alhamis, mutumin ya yi tunani ya ce wallahi bai riƙe ba. Da ya kai maganar wurin limamin unguwa, liman ya saurare shi har ƙarshe, ya ce masa ya yawaita yi wa mamacin addu'a, ya bar wa Allah abin da ya ɓoye.

Ranar sadakar uku, Inna Saude ta aika a kira shi. Ta yi masa magana daga bayan labule, aka turo akwatin injin ta ƙarƙashi.

"Tun daren Laraba ya ce naka ne. Ya ce hannunka aka auna."

Jalaluddeen ya durƙusa a gaban labulen. Ya ɗauki akwatin ya koma gida, ya ɗora shi a kan sif. Ya yi makonni yana ɗaure notin baburinsa da tsohuwar sifanarsa kafin ya iya buɗe shi.

Bayan an yi arba'in, Yakubu ƙanin marigayin ya zo daga Babura da sabuwar taya da direba. Jalaluddeen ne ya ɗaura musu ita. Aka tura motar ta tashi, ta fita daga layin tana tari, Inna Saude tana jin ƙararta daga cikin ɗaki har ta ɓace.

Washegari aka yi ruwa mai ƙarfi tun kafin fitowar rana. Da ya ɗauke, Jalaluddeen ya turo baburinsa waje, ya tsaya. A gindin darbejiyar, inda tayoyin suka shekara bakwai suna danne ƙasa, ramuka huɗu ne 'yan daidai, kowanne ya cika da ruwa. Kurciya biyu sun sauka a bakin ɗaya suna sha. Ya jira har suka ƙoshi suka tashi, sa'annan ya tayar da babur.