Kekunan da Aka Sayar

Wayar shagon ce ta fara yin shiru, sannan ƙofar ta bi sahu. Mai Keke, wanda ya yi furfura yana gyaran kekunan ɗinki yana kuma sayar da tsofaffin da ya farfaɗo da su, ya daɗe bai yarda akwai matsala ba. Da farko ya ce tsakiyar wata ne, daga baya ya ɗora wa tsadar rayuwa. Ranar da ya tsinci kansa yana ɗiga mai a keken da ya riga ya ɗiga wa da safe, ranar ya san zaman ya yi yawa.

Telar da shagonta ke manne da nasa ce ta fasa ƙwan. Ta leƙo da tef rataye a wuya, ta miƙo masa wayarta.

"Mai Keke, ka ɓata fa. Na rubuta gyaran keken ɗinki a wajen bincike, na yi ta ja har yatsana ya gaji, ban gan ka ba. Da can kai ne a sama."

"Ga ni a gabanki, ina zan ɓata?"

"Ni ina ganin ka. Masu kawo aiki ne ba sa ganin ka. Ka kira Auta mana."

Ya ce zai duba. Amma tana juya baya zuciyarsa ta yi wani irin tsalle, irin wanda bai dace da mutumin da kasuwarsa ke durƙushewa ba. 'Yarsa Auta ce ta gina masa shafin intanet na shagon kafin aiki ya ɗauke ta zuwa wata ƙasa mai nisa. Lokacin da mahaifiyarta ke raye, uwar ce mai kira, su yi ta hira har wayar ta yi zafi, shi kuma a miƙa masa a ƙarshe ya ce, "Lafiya dai? To madalla," ya mayar. Da matar ta rasu, sai ya gano bai iya kiran 'yarsa haka kawai ba. Mutum ne da zai kwance keke ƙusa-ƙusa ya mayar ba tare da ya rage ko noti ɗaya ba, amma ya ɗaga waya ya ce yana son jin muryar yarinya, wannan ya fi ƙarfinsa. Yana kewar ta ƙwarai. Yanzu ga dalili ya faɗo masa har cikin shago.

Ya goge hannu, ya gyara zaman hula, ya jingina wayar da gwangwanin mai, ya kira. Fuskarta ta fito, ta ɗan rame, bayanta farin bango da ƙaramar taga.

"Baba! Lafiya?"

"Lafiya lau. Shafin nan naki ne ya lalace."

"Au, da ya lalace ne ya zama nawa?"

Ta yi dariya irin ta uwarta, har sai da ya kawar da kai ya shiga neman sukudireban da ke hannunsa. Ta buɗe kwamfuta, ta juyo masa wani zane mai layi da ya yi ta gangarowa kamar zaren da ya kuɓuce daga allura. Ta ce wannan yawan masu shigowa shafin ne daga injin bincike. Ta duba ko shafin ya yi nauyin buɗewa, ba shi ba ne. Ta duba adireshi da lambar waya, suna nan daidai. Sai ta matso da fuska.

"Baba, ina shafukan kekunan? Kowane keke na yi masa nasa, da hotonsa da bayanin da ka faɗa mini. Na ga saura 'yan kaɗan."

"An sayar da su ai."

"Kekunan aka sayar. Shafukan fa?"

"Na goge. Ke kika nuna mini wajen gogewa."

Ta dafe kai. Shi kuwa ya gyara zama, don a nan yana da gaskiyarsa. Tun yana yaron shago, in kaya ya fita daga kanta, a ranar ake cire takardar da ke jikin katakon. Ba a tallar abin da babu. Ya za a yi baiwar Allah ta hau mota ta zo daga nesa saboda hoton keke, ya ce mata ya tafi tun bara? Shi bai taɓa yaudarar mai saye ba, ba kuma zai fara a intanet ba.

"Baba, ba keken suke nema ba," in ji Auta a hankali. "Maganarka suke nema. Ka tuna a ƙarƙashin kowanne ka ce in rubuta ciwon da ya zo da shi? Wannan yana tsinka zare, wancan yana tsallake ɗinki, da yadda ka gano dalili. To, mace tana cikin ɗinki zare ya yi ta tsinkewa, sai ta tambayi waya, waya ta kawo ta wajenka. Teloli ma suna tura wa juna shafukan. Yanzu duk wanda ya danna sai ya tarar da wayam. Injin ya yi ta aiko mutane suna cin karo da bango, shi ne ya daina aikowa."

Mai Keke ya jinjina kai. Wannan ya fahimta. Shi ma akwai mai sayar da bel ɗin keke da ya daina tura wa mutane, saboda kullum sai a tarar da shagonsa a kulle.

Gyaran ya ɗauki makonni. Wasu shafukan ta dawo da su daga ajiya, ta rubuta "an sayar" ɓaro-ɓaro a samansu don hankalinsa ya kwanta, ta sa hanyar zuwa kekunan da ke nan. Waɗanda suka ɓata gaba ɗaya kuwa sai an sake rubutawa, kuma bayanin yana cikin kansa ne kawai. Don haka kullum da hantsi, kafin ta fita aiki, sai ta kira. Ta yi tambaya, shi ya yi bayani yana juya hannun keke, ita tana bugawa. Daga maganar allura sai a zarce zuwa abin da ta ci, da maƙwabcinta mai kare, da ranar da tana ƙarama ta ɗinke hannun rigarsa ta sama da ta ƙasa. Tela ta ce tun da take ba ta taɓa jin Mai Keke yana ƙyaƙyata dariya ba sai yanzu. Wani lokaci yakan ja bayani ya yi tsawo, ya shigo da ciwon da keken ma bai yi ba, kuma bai ji kunyar hakan ba.

Layin ya daina gangara, ya kwanta, sannan ya fara ɗagowa. Wata safiya ta ce, "Baba, mun gama. Ka dawo sama. Na kuma cire maka wajen gogewar nan, sai dai ka danna an sayar. Yanzu ba abin da zai sake ɗaga maka hankali, ba sai ka neme ni ba."

"To, Allah ya yi miki albarka."

Kasuwa ta buɗe. Mata suna shigowa rungume da kekuna a cikin zani, wasu a kwali, benci ya cika har ana ajiyewa a ƙasa. Waya ba ta hutawa. Duk ƙarar da ta yi sai ya kai ido kan gilashin kafin ya kai hannu, kuma kullum baƙuwar lamba ce. Hantsi ya zama lokacin da ya fi yi masa tsawo, duk da aikin da ke gabansa. Ya yi ta duba shafin ko zai ga wani aibu, ko harafi ɗaya da ya karkace. Yarinyar ta iya aiki, ba ta bar masa komai ba.

Wata rana da hantsi, da mutum biyu zaune suna jira da keke a kwance a gabansa, ya ajiye sukudireba ya ce su yi masa haƙuri. Ya shiga ƙuryar shago inda yake tara ƙafafun kekuna, ya kira. Ta ɗauka tana tafiya, ana jin motoci a bayanta.

"Baba, me ya lalace kuma?"

"Babu."

"Mutane sun ragu ne?"

"Sun yi yawa ma."

"To mene ne?"

Ya dubi hannunsa, baƙin mai ya cika layukan tafin. Ta sake cewa, "Baba?"

"Ba abin da ya lalace, Auta. Kewar ki nake yi."

Takun ƙafarta ya tsaya. Ya ji ta ja numfashi, muryarta ta sauya.

"Tsaya in sami wajen zama," ta ce. "Kada ka kashe."