Allurar Salisu a Randar Tani

Tani na tsugune tana hura wutar ruwan wankan jego a gidan 'yarta Bilki a Kafur, sai Bilkin ta leƙo daga ɗaki da waya a hannu.

"Inna, daga gida aka kira. Wai Iya Mero ta rasu ɗazu da hantsi."

"Wace Mero?"

Ta tambaya ne kawai. Mero ɗaya ta sani, matar Malam Ummaru, wadda katanga guda ta raba su tun suna amare a ƙauyensu da ke bayan Ƙarfi. Ta yi salati, ta miƙe, ta bar wutar tana ci. A motar Malumfashi ba ta yi kuka ba. Ana wuce gonakin masara da aka gama yankewa, ita kuwa abu ɗaya take juyawa a ranta: waɗannan ƙananan kwalabe biyu da ta baro a ɗakinta.

Mero ta daɗe da ciwon suga. Wata likita a Malumfashi ta ɗora ta a kan allurar insulin, ta koya wa Rashida, matar ɗanta Salisu, yadda ake yi mata safe da yamma. Ta ce maganin ba ya son zafi. To ɗakin Mero rufin kwano ne, Salisu ya yi mata da ya samu aiki a Kaduna, da rana kamar tanda. Ɗakin Tani kuwa na ƙasa ne, a ƙarƙashin bishiyar bedi. Shi ya sa aka zuba yashi a tsohuwar randarta, aka binne ƙaramar tukunya a ciki, kullum tana jiƙa yashin. Nan maganin Mero yake kwana, Rashida ta zo ta ɗauka, ta dawo da shi.

Da damina Salisu ya zo da wasu kwalabe daban, masu shuɗin murfi. Ya ce sunansu feftayid, a waya ya ga mai sayarwa, manyan mutane ke amfani da su. Suna gyara jiki, suna rage suga, suna mai da tsoho yaro. Tani ta kasa faɗin sunan, sai ta riƙa ce musu allurar Salisu.

Da ta isa gida an riga an kai Mero makwancinta. Mata sun cika tsakar gida a kan tabarmi. Ta yi sallama, aka amsa ƙasa-ƙasa. Ta zauna kusa da Rashida, suka yi wa juna gaisuwa.

"Yaya aka yi, 'yar nan?"

"Inna Tani, na yi mata allurarta ta safe kamar kullum. Na kai mata koko ta ce in ajiye. Ina cikin shara sai na ji tana surutai. Na shiga na tarar gumi ya jiƙa ta sharkaf, hannunta na rawa. Kafin a samo Keke Napep ta daina magana. Ba mu kai Malumfashi ba."

"Kokon fa, ta sha?"

"Yana nan yadda na ajiye."

 Tani ta san wannan. Tun da aka fara allurar Salisu abinci ya fita ran Mero. Da la'asar takan tako turmi ta leƙo ta katanga, ta miƙo kwanon tuwo ko loma biyu ba a yi ba.

"Ungo, ki ba awakinki. Kar Rashida ta gani ta kira Kaduna."

"Mero, wannan abin ba lafiya ba ne. Zanenki har zamewa yake. Ki faɗa wa likita."

"In kai ƙarar ɗana wurin likita? Yaro ya ga uwarsa ya sayo mata abin arziki. Ke dai baƙin ciki kike, na fi ki ƙugu yanzu."

Suka yi dariya a ranar. Tani ta sake yi mata maganar kafin ta tafi Kafur, Mero ta ce sai ranar komawa asibiti.

Tana zaune a wurin makokin ta ji wata daga bayanta tana cewa, ba da ƙarfi ba, amma don a ji: "Ni dai ban taɓa ganin an kai maganin mutum ɗakin wani ya kwana ba." Wata ta amsa: "Kuma kin san dangin ubanta har gobe Maguzawa ne. Wa ya san me ke cikin randar nan?" Tani ba ta waiwaya ba. Ta gane muryoyin. Duk sun sha ruwan gidanta.

Bayan sadakar uku Salisu ya yi sallama a ƙofarta. Ya rame, idanunsa sun yi ja. Ya durƙusa ya gaishe ta kamar yadda ya saba tun yana yaro, sannan ya ce:

"Inna Tani, ragowar maganin Iya na zo karɓa."

"Na asibiti? Ga shi nan, a mayar musu."

"Har da ɗayan. Baba zan sa Rashida ta riƙa yi wa. Kin ga gwiwarsa, ga shi shi ma an ce sugansa ya fara hawa."

Haka ake yi a garin. Ba a zubar da maganin da mamaci ya bari. In an raba zannuwa da kwanuka, ƙwayoyi da kwalabe ma sai a duba wa ke da ciwo irin nasa a ba shi. Tani da kanta ta taɓa shan ragowar maganin tarin wata maƙwabciya. Amma ta dubi Salisu ta ce:

"Ba zan bayar ba."

"Na'am?"

"Malam Ummaru ba zai sha wannan allurar daga randata ba, sai likitar uwarka ta gan ta."

"Inna, kina nufin ni na kashe Iya?"

"Ban ce ba. Na ce ba ta cin abinci tun da ka kawo ta. Tambayi awakina."

Ya miƙe tsaye. "Ni ma ina jin abin da mutane ke faɗa, na toshe kunnena saboda girmanki. Kullum maganin nan a ɗakinki yake. In babu abin da kike ɓoyewa, me ya hana ki bayar?"

"Ka ji da kyau ashe. To ka ƙara da wannan, ka kai musu."

Ta saki labule. Tana ji ya daɗe a tsaye kafin ya tafi.

Washegari ta naɗe kwalaben a jiƙaƙƙen tsumma, ta ɗaure a bakin zane, ta hau mashin zuwa Malumfashi. Ta zauna a benci har azahar kafin a kira ta. Likitar ta tuna Mero, ta yi mata addu'a. Ta ɗauki kwalba mai shuɗin murfi ta juya ta a hasken taga.

"Mama, wa ya ba ta wannan?"

"Ɗanta. Wai fef… wani abu."

"Feftayid. Ai insulin ɗin da nake ba ta ma dangin wannan ne. Akwai masu kyau a cikinsu, muna ba marasa lafiya. Amma sai mun auna mutum, mun san abin da yake ci, muna dubawa muna ragewa ko ƙarawa. Wasu suna kashe sha'awar abinci. In mai suga ya daina ci, ana kuma yi masa insulin yadda aka saba, sugan zai iya faɗuwa ƙasa warwas. Da na san tana wannan, da na canza mata awo."

"To ita ce ta kashe ta?"

"Ba zan iya rantse miki ba. Ban gan ta a ranar ba. Wannan kwalbar kuma babu lambar hukuma a jikinta, ban san me aka zuba a ciki ba. Wataƙila mai sayarwar ma bai sani ba."

"Randata fa? Ko ita ta ɓata maganin?"

"In kina jiƙa yashin, ban ga laifin randarki ba. Ki bar min waɗannan. Ki ce wa mijinta ya zo in duba shi, kar a yi masa komai kafin nan."

Tani ta so a ce mata e ko a'a, ta dawo da shi gari ta ajiye a gaban kowa. Ba ta samu ba. Da ta sauka daga mashin ta tarar da Malam Ummaru a dakalin ƙofar gidansa, ya miƙe ƙafar da ke masa ciwo. Ta rusuna daga gefe ta faɗa masa duk abin da likita ta ce, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Ya saurara yana jan carbi.

"Tani, kwana ne ya ƙare. Me ya kai ki ɗaukar maganar gidana zuwa asibiti? Yaron nan ko barci ba ya yi, yanzu kin ɗora masa wani dutsen."

"Malam, ka je ta duba ka kawai."

"Na ji."

Bai je ba. Salisu ya koma Kaduna bai yi mata sallama ba. Rashida ta daina shigowa, in sun haɗu a rijiya sai gaisuwa a tsaye. Ranar wata kasuwa Tani ta hango ta ta dawo da sabuwar randa ƙarama a ka, daga baya kuma ta ga an shiga da kwanon yashi. Ta rasa wa za ta tambaya. Mai allura a gidan ta rasu. To me za a sanyaya?

Ta taɓa tsayar da Rashida ta ce, "Malam yana cin abinci kuwa?" Rashida ta ce, "Yana ci," ta wuce da bokitinta.

Yanzu kullum da safe Tani kan haɗa icce a murhu, ta ɗora tukunya, amma ba ta kunna wuta. Sai ta zauna a gindin katanga da ashana a hannu, tana saurare. Can sai ta ji ƙarar ƙyauren Malam Ummaru, da jan takalminsa, da tarin nan nasa guda biyu. In ya kunna rediyo ya fara yi wa kaji faɗa, sai ta ƙyasta ashanar.